Baba Verna da Ciwon Sama

A garinmu Dunmarrow ɗan wasan hokin ƙanƙara ba ya karyewa, ba ya targaɗe, ba ya fasa kai. Ciwo iri biyu ne kawai, na sama da na ƙasa. Idan daga ƙugu ne zuwa ƙafa, mai sanarwa a rediyo zai ce yaro na fama da ciwon ƙasa. Idan daga ƙugu ne zuwa kai, ciwon sama ke nan. Ba a faɗin takamaiman wurin, don kada abokan karawa su ji su auna nan ɗin da kafaɗa ko da sanda. Da haka na tashi, kuma abin bai taɓa yi mini wani iri ba sai a hunturun da na gama jami'a na dawo na zauna a gidan kakata.

Sunanta Verna Sawchyn, amma duk garin Baba Verna ake ce mata, wato kaka Verna a harshen kakanninmu, har waɗanda suka girme ta. A gona aka haife ta, gabas da gari, ita ce ta shida a ɗakinsu. Tana da shekara ashirin ta auri kakana Metro, wanda ya yi aikin rayuwarsa duka a dogon rumbun alkamar da ke bakin layin dogo. Daga wannan rumbu ƙungiyar garinmu ta samo suna. Manoma ne suka kafa ta a 1961 suka sa mata 'Yan Rumbu, suka ɗinka mata riga kore da fari. An rushe rumbun tun ina ƙarama, jirgi ya daina tsayawa, banki ya rufe, asibiti ya koma ɗaki biyu da likita ɗaya. Ƙungiyar ce ta rage.

Yaran da ke buga mata ba 'yan garin ba ne. Daga nesa ake kawo su, 'yan shekara goma sha shida zuwa ashirin, a rarraba su gidajen mutane daga Agusta zuwa ƙarshen kakar wasa. Baba ta karɓi na farko a 1985, bayan mahaifiyata da yayyenta sun bar gida. Daga nan ba ta sake yin hunturu babu yaro a ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan ba, har ma a shekarar da kakana ya rasu. Aikin uwar masauki sananne ne: ta ciyar, ta wanke kayan da ke warin gumi, ta tashi yaro da safe, in an sayar da shi ga wata ƙungiya a watan Janairu ta haɗa masa jaka ba tare da ta yi kuka a gabansa ba. Abu ɗaya ne ba nata ba. Ba ta sa baki a harkar wasa, kuma abin da ta gani a gidanta a gidanta yake tsayawa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ko yarinyar da aka aura jiya ta san shi.

Sau ɗaya 'Yan Rumbu suka ɗauki kofi, a 1987. Tutar tana nan rataye a rufin filin ƙanƙara, koren ya koɗe ya koma kalar ruwan wanki. Bayan nan sai hawa da sauka, saukar ta fi yawa. Lokacin da na dawo, shekara tara ke nan ba su shiga zagayen neman kofi ba. A kakar da ta wuce wasa hamsin da takwas suka buga, goma sha ɗaya suka ci. Mutane suna zuwa kallo ne don babu wani wurin zuwa, su zauna da bargo a cinya suna zagin alƙalin wasa.

Yaron da na tarar a gidan Rylan Peltier ne, daga wani garin haƙar ma'adinai a arewacin Manitoba. Ɗan baya ne, kuma kyaftin, shekararsa ta uku ke nan a gidan Baba, kuma ta ƙarshe, domin ya cika ashirin. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, haƙoransa biyu na gaba na roba ne, yakan cire su ya ajiye gefen faranti don ya ba ni haushi. Ni ba mai magana ba ce, sai ya maishe ni abin tsokana.

"Farfesa, yau me littafin ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Shekara huɗu a jami'a, littafi bai ce komai ba. Baba, a maido miki da kuɗinki."

"Ci abincinka, sarkin surutu. Kuma cire hular nan, nan ba rumfar dawaki ba ce."

Wannan ita ce dokarta tilo a tebur. Yaro na iya cin pirogi ashirin, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, yana iya gyatsa, amma ba zai zauna da hula a kai ba.

A wannan kakar abubuwa suka juya. Sabon koci, Brandvold, ya samo mai tsaron raga na kirki, Rylan kuma ya tsaya a baya kamar an kafa shi. Suka fara cin wasa. Kantin kayan gona ya manna jadawalin gasa a taga, tsofaffi suna tsayawa cikin sanyi suna lissafin maki. Zuwa makon ƙarshe na Fabrairu wasa biyu suka rage, ranar Laraba da ranar Lahadi, kuma in sun ci duka biyun sun shiga. Ga Rylan abin ya wuce haka. Wata jami'a a Amurka ta ce za ta turo mutum ranar Lahadi ya kalle shi, in ya yi musu za su ba shi gurbin karatu ya ci gaba da wasa. In bai samu ba, ramin haƙar ma'adinai ne ke jiransa a garinsu, inda ubansa da kawunsa suke aiki.

Ranar Laraba sun ci. Ana cikin kashi na biyu Rylan ya juya baya yana neman faifan robar da ake bugawa a lungun fili, wani ya zo da gudu ya haɗa shi da gilashin da ya kewaye filin. Ina kujera ta uku, na ji ƙarar hular kwanonsa. Ya faɗi, ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya miƙe ya ɗaga sanda. Filin ya ɗauki ihu. Ya ƙarasa wasan. Washegari rediyo ta ce kyaftin na da ɗan ciwon sama, amma zai buga ranar Lahadi.

Da safen Alhamis ya zauna a tebur da hula, ya ja bakinta har kan gira.

"Hula," in ji Baba, tana juya ƙwai.

"Baba, bar ni yau."

Ta juyo ta dube shi. Ban taɓa ganin ta bar maganar hula ta wuce ba. Ta je ta saki labulen tagar da rana ke shigowa, ta koma kan murhu. Ya ci rabin ƙwai ɗaya. Bai tsokane ni ba. Ya tambaye ni ko yau ce ranar kwashe shara, na ce gobe ce. Kafin ya tashi ya sake tambayata, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Ranar Juma'a da hantsi na sauka ɗakin ƙasa kai tawul, na tarar ya kashe fitila, ga bokiti a gefen gado, ɗakin na warin amai.

"Farfesa, ba ki ga komai ba," ya ce daga cikin duhu.

Na ajiye tawul ɗin na hau sama. Baba ce ta wanke bokitin.

Da rana ta ce in ɗauko mota in kai ta gidan kula da marasa ƙarfi da ke Harlen, garin da ke gaba da mu. Ran Lahadi take zuwa can bayan coci, ban taɓa raka ta ba. Wanda take dubawa Wade Lindqvist ne, yaronta na farko, wanda ya zura cin da ya kawo kofin 1987. Hotonsa na nan a ƙofar filin ƙanƙara, an ɗaga shi a kafaɗu, bakinsa duk jini yana dariya. Bayan ya bar wasa ya zauna a yankinmu yana tuƙin motar hatsi, ya yi aure, auren ya mutu. Mutumin da na gani yana zaune a kujera kusa da taga, shekararsa hamsin da 'yan kai, a tsakiyar 'yan tamanin. Ba ya iya riƙe cokali. Baba ta buɗe kwano ta riƙa ba shi miya a baki.

"Yau muna da wasa?" ya ce.

"Ba yau ba, ɗana."

"Kar ki gaya wa koci."

"Me zan gaya masa?"

Ya nemi abin a ransa, bai same shi ba. Can ya dube ni ya ce, "Wannan ce matata?" Baba ta goge masa haɓa ta ce a'a, jikarta ce, Lesia.

A hanyar dawowa dusar ƙanƙara na ratsa titi kamar hayaƙi. Da muka yi nisa Baba ta yi magana.

"Shi ma sama aka ce. Sau huɗu a gidana."

Muna shiga gida muka tarar da Rylan a kicin, yana tsaye ya dafa tebur. Ya san inda muka je, duk yaran ƙungiyar sun san Wade.

"Baba, wasa ɗaya ne," ya ce. "Ɗaya tak. Ran Litinin ki kai ni duk likitan da kike so, ki ɗaure ni a gado in kin ga dama."

"Wane wata muke ciki?"

"Haba, Baba."

"Na ce wane wata?"

"Fabrairu. Kin gani? Lafiyata ƙalau. Kowa na buga wasa da ciwo. Abokin wasana Petit yana wasa da yatsa a karye tun Kirsimeti, uwar masaukinsa ta ce wani abu?"

"Yatsa goma gare shi."

Ya yi dariya, dariyar ta sa ya runtse ido ya kama ƙeya. Da ya buɗe sai ya rage murya. "Kin san ramin nan? Babana ya shiga yana da shekarata. Yanzu ba ya iya hawa matakala sai ya huta. Kar ki yi mini haka, Baba. Shekara uku ban taɓa roƙonki komai ba sai ƙarin abinci."

Ta ɗauki dankali ta fara ferewa, alhali akwai dafaffe a tukunya.

Ranar Asabar da safe ƙungiya ta yi karin kumallon da take yi duk shekara kafin wasan ƙarshe, a zauren da ke gaban filin ƙanƙara. Rabin garin ya zo. 'Yan wasa sanye da rigunansu suna raba fanke da ruwan zaƙi, yara na neman su sa musu hannu a hula. Likitar garin, wadda ita ce likitar ƙungiya, ta ɗaura atamfar girki tana juya fanke a kan farantin ƙarfe. Rylan ya zaɓi teburin da ke can lungu, nesa da fitilu.

Baba ta sa rigarta ta zuwa coci. Na bi ta a baya riƙe da farantinta. Ta nufi Koci Brandvold, yana tsaye da Elsie Dyck, matar da ke rarraba yara gidaje, ƙawar Baba tun suna amare.

"Koci, ina son magana da kai."

"Baba Verna! Ke ce sirrinmu ai. Me kike ba yaron nan, naman bijimi?"

"Yaron ba shi da lafiya."

Ya ɗan sunkuyo, murmushin bai bar fuskarsa ba. "Mun sani. Ɗan ciwon sama ne. Muna lura da shi."

"Ka kai shi gun likita?"

"Na tambaye shi, ya ce lafiya lau. Namiji ne, Baba, ya san jikinsa."

Elsie ta kama hannunta. "Verna, zo ki ci fanke kafin ya huce. Yaushe kika zama koci? Ke da ba ki san dokar satar gida ba har yau."

Waɗanda ke kusa suka yi dariya. Baba ta zare hannunta. Ta taka zuwa gaban farantin ƙarfen, ta tsaya a gaban likita. Muryarta ba babba ba ce, amma muryar macen da ta saba kiran mutane daga gona ce.

"Likita, Rylan Peltier ba ciwon sama yake yi ba. Kansa ne. Ƙwaƙwalwarsa ta bugu ran Laraba. Yana amai, ba ya iya kallon haske, yana tambayar abu ɗaya sau biyu. A gidana yake, da idona na gani."

Zauren ya yi tsit har ina jin fanke na ƙonewa. Kowa ya san dokar gasa: da zarar likita ta ji an ambaci kai, dole ta duba, kuma in ta samu alama yaro ba zai taka ƙanƙara ba sai ta sa hannu. Shi ya sa ba a ambata. Likitar ta dubi koci, koci ya dubi ƙasa. Ta kwance atamfar a hankali ta ninke ta.

"Rylan, zo mu je."

Ya taso. Sai da ya wuce ta gabanmu, bai dubi Baba ba. Wani dattijo a bayana ya ce, "Tsohuwar nan ta kashe mu," wani kuma ya ce masa ya yi shiru, amma ba da ƙarfi ba. Daga baya na ji cewa likita ta ce ya lissafo watannin shekara daga Disamba zuwa baya, ya tsaya a Satumba. Ta sa shi tsayawa da ƙafa ɗaya ido a rufe, sai da ta tare shi.

Ranar Lahadi da rana Baba ta tafi kallo kamar kullum, ta zauna a kujerarta, na zauna kusa da ita. Kujeru biyu na gefenmu babu kowa, alhali mutane na tsaye a baya. Mutumin jami'ar ya zo, na gane shi da jakar da ke hannunsa. Ya kalli kashi na farko ya tafi. An ci 'Yan Rumbu huɗu da biyu. Biyu daga ciki ta ɓangaren da Rylan ke tsarewa suka shiga, ko ba haka ba ne ma haka garin ya yanke. Kakar ta ƙare da nasara ashirin da bakwai, maki ɗaya ya raba su da zagayen kofi. Ita ce kaka mafi kyau da suka yi cikin shekara goma, kuma ba wanda yake son a tuna masa da ita.

Rylan bai fito daga ɗakin ƙasa ba sai da ubansa ya zo ɗaukarsa. Baba na ajiye masa abinci a kan matakala, wani lokaci ya ci, wani lokaci ta dawo da shi. Uban mutum ne gajere mai tari. Ya loda jakunkuna da sanduna a bayan mota, ya dawo ya tsaya a ƙofa ya cire hula.

"Uwarsa ta ce in yi miki godiya," ya ce, yana kallon takalminsa.

"Ka gaishe ta. Kada a bar shi ya yi tuƙi tukuna."

Rylan ya hauro da tabarau baƙi a ido. Baba ta miƙa masa ƙunshin abincin hanya. Bai karɓa ba.

"Ba ke kika haife ni ba," ya ce. "Ba ke za ki shiga ramin ba."

"Haka ne," in ji ta.

Uban ne ya karɓi ƙunshin.

Garinmu ba ya faɗa da mutum a fili. Maƙwabcin da ke share mata dusar ƙanƙara daga ƙofar gida tun rasuwar kakana sai injinsa ya lalace, ya kuma daɗe bai gyaru ba. A coci ana gaishe ta, ba a tsayawa. Matan da suke taruwa naɗa pirogin sayarwa suka canja rana, aka manta a gaya mata. Likitar ce kaɗai ta zo gida sau ɗaya ta sha shayi, ita ma ba ta daɗe ba, don wasu sun fara kai 'ya'yansu asibitin Harlen.

Uwar Rylan takan kira wani lokaci. Ta ce ciwon kan ya ɗauki watanni kafin ya lafa, yanzu yana barci, yana karatu ba ya jin jiri. Ya shiga ramin a watan Yuni. Ba ya son a yi masa maganar hoki, ba ya son a ambaci Dunmarrow. Baba na saurara tana cewa to, to, madalla, sannan ta ajiye waya ta zauna.

A farkon Agusta Elsie ta kira. Ina wanke kwanuka, muryarta na fitowa ta wayar.

"Verna, bana gidaje sun yi yawa, yara sun yi kaɗan. Mun ce ki huta. Shekarunki ma ai sun ja."

"Wata biyu na ba ki, Elsie."

"Ba ni kaɗai na yanke ba. Yaran ne... kin san yara suna magana da juna. Ba wanda ya yarda a kai shi gidanki."

"To."

"Kada ki riƙe ni a zuciya."

"Na ce to."

Ta ajiye. Ta ɗan tsaya riƙe da bayan kujera, sannan ta buɗe aljihun kabad ta ɗauko sukundireba ta ce in biyo ta ƙasa. Muka kwance gadon. Ƙusoshin sun yi tsatsa, ɗaya sai da na taka shi da ƙafa. Ta ce katakon a kai wa masu karɓar kayan taimako a Harlen, katifar kuwa ta gama yawo, juji za ta. Muka kama ta, ni a sama ita a ƙasa, muna hawa da ita mataki ɗaya ɗaya. A tsakiyar matakala ta ce in dakata. Na ji tana numfashi a bayan katifar, ba na ganin fuskarta.

"Baba, in kira wani ya taya mu?"

"Wa za ki kira?" ta ce. "Ja, Lesia."